Hoton da Na Hana Ki Ɗauka

Daga Korgom, zuwa ga ɗiyata ta fari da ke Tasawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen da kike zaune wurinsu. Allah ya tsare ki a hanya da wurin aiki, ya raba ki da mugun ido da mugun baki.

Mu nan da sauƙi. Babanku lafiya lau, sai gwiwar nan tasa da ke tashi in ya daɗe tsugune wurin gyaran amalanke. Ƙannenki Sale da Musa lafiya. Hauwa ta yi zazzaɓi kwana uku, an kai ta likita, yanzu tana cin tuwo har tana neman ƙari. Gwaggo Abu ba ta jin daɗi, ƙafafunta sun kumbura, ki kira ta in kin sami hali. Tunkiyarki ta haifi tagwaye, ɗaya bai tsaya ba. Zafi ya yi yawa, hadari yana haɗuwa gabas yana watsewa, ba a yi shuka ba tukuna. Ni kuwa jikina lafiya. Zuciyata ce ba lafiya, shi ya sa na ɗauki bik in rubuto miki.

Kada ki yi mamakin rubutun, nawa ne. Ba wanda ya riƙe mini hannu, ba wanda ya karanta kafin ke. Kwana biyar ina yin ta, kullum bayan na sauke tukunyar rana, a takardun da na yago daga tsakiyar kayena, littafin rubutun nan na aji. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri, hannun ya saba da kitso da muciya kafin ya san bik. Na san zan iya aiko miki da murya ta waya. Na gwada har sau biyu. Da na danna sai na ji bakina yana tambayar ki ko albasa ta yi araha a Tasawa. Abin da nake so in faɗa bakina ba zai iya ba.

Ga dalilin takardar. Ranar Talatar da ta wuce ina tankaɗe, waya ta yi ƙara. Na duba na karanta sunan da kaina: Madam Zainabu, mai shagon hoton da ta ɗauke ki koyon aiki. Na bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, na ƙyale. Sai a na uku na ɗauka, don na ji tsoron ko wani abu ne ya same ki.

Ta ce, “Yaya Cima, ina wuni? Maganar ɗiyarmu ce.”

Ɗiyarmu. Na ji kalmar nan har cikin haƙorana. Na ce, “Wace ɗiyar? Ina da su biyu.”

Ta yi 'yar dariya, ta ce, “Wadda kika ba ni amana.”

Sai ta gaya mini abin da ke ba ki gaya mini ba. Ta ce ta tura ki wani biki a Mayahi, aikinki na farko ke kaɗai, an biya. Ta ce kin tsaya can jikin bango da aparai, abin ɗaukar hoton, a wuya, mata masu wayoyi suka cika gabanki, ba ki ce da kowa matsa ba. Aka fito da amarya, aka shiga da ita mota, ba ki sami fuskarta ba ko sau ɗaya, sai bayan kawunan mutane. Gwaggon amarya ta tsaya tsakiyar gida ta ce, “Wannan mai hoto aka aiko mana ko 'yar kallo?” Kika koma Tasawa, kika ɗora aparai bisa tebur, kika ce kin bar aikin, ƙarshen wata za ki dawo Korgom. Madam ta ce ta matsa miki da tambaya, don ta san idonki da hannunki sun fi na duk wanda ta taɓa koya wa. Sai kika fashe da kuka, kika ce, “Wadda ta haife ni ma ta rufe fuskarta da na ɗaga aparai. To wa zai tsaya mini?”

Na ce da Madam na ji, na gode, na kashe waya.

Na yi wa kaina alkawari ba zan yi miki ƙarya a takardar nan ba, don haka ga abin da ya fara zuwa zuciyata. Tausayinki daga baya ya zo, bayan na koma kan tankaɗe. Abin da ya fara zuwa shi ne: a kafaɗar wa ta yi kukan nan? Ni da na ɗauki cikinki wata tara ban taɓa ganin hawayenki kusa ba tun kina goye, sai wata mata mai gilashin ido a Tasawa ce za ta kira ni ta ba ni labarinsu. Na zauna gaban garin nan ina jin haushin matar da ta yi mini alheri. Haka uwarki take. Gara ki ji daga gare ni.

Ban san aparai ba, ban san ta inda ake danna shi ba. Amma na san mata, na san abin da ke sa su saki jiki gaban mai aiki da abin da ke sa su ƙame, kuma yawancin abin da na sani ta wurin kuskurena na san shi. Bari in gaya miki su, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Na farko ke kanki ce. Ke 'yar fari ce, kin san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai. Ranar da aka yaye ki, Inna uwar babanku, Allah ya jiƙanta, ta zo ta goya ki ta wuce da ke ɗakinta, ba ki sake kwana nawa ba. Kika tashi kina ce mata Inna, ni kina ce mini Yaya, kamar yadda kika ji ƙannen babanku na faɗi. Wata rana kina 'yar shekara huɗu kika taka garwashi bakin murhu. Ina kusa da ke, taku biyu. Kika wuce ni da gudu da ƙafa ɗaya, kika tsallaka tsakar gida duka, kika faɗa jikin Inna. Na tsaya da ludayi a hannu. Ranar na fara sanin wannan ciwo da nake gaya miki. Maimakon in jawo ki, sai na ce a raina, to tunda can kika zaɓa, zauna can. Al'ada ta ce kada in kira sunanki gaban mutane. Ba ta ce kada in shafa kanki cikin ɗaki ba, ba ta ce kada in ce sannu in kin kawo ruwa ba. Wannan ni na ƙara da kaina, na laƙaba wa kunya, kowa yana yabona.

Kin gaji sunkuyar da kai daga gare ni, kuma ita ce ta tsayar da ke jikin bango a Mayahi. Ki ji ni da kyau. Kunya tana da wurinta, wurin gaisuwa. In kin shiga gidan biki ki durƙusa ki gaida manya ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake kowa. In kin gama ki miƙe tsaye, ki ɗaga ido. Ba a gayyace ki don ki nuna musu gidan da kika fito ba, sun gani wurin gaisuwa. Idonki aka biya. Mai hoton da ke kallon ƙasa, ƙafafu za ta ɗauko.

Na biyu kitso. Kin tashi kin iske mata na zuwa gidanmu kitso, amma ba ki san yadda na fara ba. Mace ta farko da ta zo mini daga wajen dangi matar mushen lakwal ce, malamin makarantar boko, baƙuwa daga Maradi, mai ƙamshin turare da zobe a yatsu uku. Ta zauna bisa tabarma ta ba ni kanta. Ina buƙatar ta sunkuya in tsaga bayan kai, amma ina ni ina ce wa matar mushe ta sunkuya? Sai na riƙa karkata jikina ni, ina leƙe ta ƙasa, ina zagaya ta kamar mai neman ƙwai a akurki. Ban ce uffan ba har muka gama. Tsagar ta fito a karkace. Ta duba madubi, ta juya, ta sake dubawa, ta ce ta gode. Sati biyu bayan nan na gan ta ta shiga gidan Delu maƙwabciyarmu.

Na laɓe jikin danga ina saurare. Na ji Delu tana cewa, “Madam, sunkuya. A'a, ba haka ba, kamar allurarki ta faɗi ƙasa. Yauwa. In kika motsa yanzu, wallahi aske shi zan yi mushe ya kore ki.” Matar nan tana ta dariya, har tana ba Delu labarin danginta. Kowa a unguwa ya san hannuna ya fi na Delu, ita ma ta sani, shukuna yana kai wata bai tashi ba. Amma gidanta aka cika. Kishi ya ci ni. Na riƙa gaya wa mata a rijiya cewa kitson Delu yana cin gaban goshi. Magana ta koma mata, muka yi shekara biyu ba ma gaisawa, kuma ko mace ɗaya ba ta dawo gidana saboda maganar nan ba. Sun dawo ne ranar da na koyi buɗe baki in ce sunkuya.

Wadda ta zauna gabanki ta riga ta ba ki kanta, so take a gaya mata abin da za ta yi. In kin yi shiru sai ta ɗauka ko ke ba ki sani ba, sai tsoro ya kama ta, ya fito a fuskarta. Ki ce, “Hajiya, matso nan, rana na bayanki.” Ki ce, “Amarya, ɗaga haɓa kaɗan, dube ni.” Ki faɗa da fara'a, amma da muryar da ake ji. In gidan ya cika har muryarki ba ta kai, kada ki yi kokawa da masu wayoyi, kada kuma ki zage su a ranki yadda na zagi Delu. Kowane biki yana da mace ɗaya da in ta yi tsawa kowa ke matsawa. Ki je da wuri ki nemo ta tun kafin a taru. A Mayahi gwaggon nan ce da ta ci miki fuska. Da kin same ta da safe kin ce, “Gwaggo, in za a fito da amarya ki taimake ni a buɗe mini hanya, ina so hotonki da ita ya fi na kowa,” da bakin nan nata ke ya yi wa aiki.

Na uku, ba ki taɓa ganin katina na shaida ba, kartidantite ɗin nan. Yana can ƙarƙashin kwanonin jerena, ba na fiddo shi sai dole. Shekarar da muka je Tasawa yin sa, aka kai mu wurin wani mai hoto bakin kasuwa, ya rataya farin ƙyalle jikin bango, maza zaune bisa benci suna jiran nasu. Bai gaishe ni ba. Ya ce, “Ke, zauna. Ɗaga kai. Fidda kunnuwa.” Na tura kallabina baya gaban mazan da ban sani ba. Kafin in gyara zama haske ya walƙa, ya ce, “Tashi, saura.” Hoton ya fito idona waje kamar akuyar da ta ga wuƙa, kallabi ya zame gefe guda. Kuskurena shi ne ban ce a sake ba. Kuɗina ne, fuskata ce, na karɓa na ƙulle a bakin zane. Kuskuren da ya fi shi kuwa, ranar da kika ce kina son koyon hoto na ce miki sana'ar marasa kunya ce. Ba ke nake yi wa magana ba ranar, mutumin nan na bakin kasuwa nake mayar wa amsa bayan shekara da shekaru, ke kika karɓa.

Matan ƙauye da za su zo gabanki, daga Korgom ko garin Sarkin Hausa ko ina, da yawansu irina ne. Sun fi ki jin tsoro. Ki tuna da wannan duk lokacin da gabanki ya faɗi. Ki gaishe ta, ki tambayi gida da yara. Ki ba ta lokaci ta gyara kallabi, in babu madubi ki zama madubinta. In kin ɗauka ki juya aparai ki nuna mata a gilashin nan na baya, in ba ta so ki sake, ba ya ƙarewa. Kuma kada ki sa hoton matar mutane a waya inda duniya ke gani sai kin tambaye ta, ta tambayi gidanta. Mace ɗaya da ta fita shagonku tana murmushi za ta kawo miki unguwarsu duka.

Yanzu na zo wurin da nake ta kewaya tun shafi na farko.

Lokacin da Malama Indo ta buɗe ajin karatun manya a rumfar nan ta kusa da rijiya, shekara biyu ina ƙin zuwa. Na ce aiki ya yi mini yawa. Gaskiya ita ce Delu ta riga ni shiga, kuma ke kin iya tun kina ƙarama. E, har ke na yi kishi da ke. In kin dawo lakwal kina karanta wa babanku takardar magani yana jinjina kai, ni ina daka, ji nake kamar an ajiye ni waje. Sai da kika tafi Tasawa, hotuna suka fara zuwa a waya da rubutu ƙarƙashinsu, na riƙa kai wa Delu ta karanta mini, tana ƙara gishiri inda ta ga dama. Na gaji, na sayi kaye da bik, na je na zauna layin baya.

Cikin azumin bana na fara haɗa haruffa ni kaɗai. Wata rana da la'asar na buɗe waya na ga kin sa hoto, ke da Madam Zainabu, atamfa iri ɗaya, kin kwantar da kanki bisa kafaɗarta. Akwai rubutu gajere a ƙasa. Na ce yau ba Delu. Na sa yatsa na bi shi harafi harafi. “Ni da Mamana.” Shi ne rubutu na farko da na karanta a duniya ba tare da kowa ba. Na maimaita sau uku ina fatan na yi kuskure. Ban yi ba, Malama Indo ta koyar da ni da kyau.

Sai Sallah ta zo, kika iso bisa babur ɗin kabu-kabu da aparai a wuya, karo na farko da Madam ta yarda ki fito da shi. Tsakar gida cike, ga Gwaggo Abu, ga Delu, ga matan maƙwabta. Kika shimfiɗa tabarma gindin itacen bedi, kika ce, “Yaya, zauna nan, hasken ya yi kyau. Ke zan fara ɗauka.” Na ja mayafi na rufe fuskata, na ce, “Je ki ɗauki uwarki ta Tasawa.”

Mata suka yi dariya. Gwaggo Abu ta ce, “Kai, Cima akwai kunyar 'yar fari, irinta sun ƙare.” Mayafin shara-shara ne, ina ganin ki ta cikinsa. Na ga kin sauke aparai a hankali. Na ga kin yi murmushi don kada a gane. Kika juya kika ɗauki su Hauwa, kika ɗauki tunkiya. Delu kaɗai ba ta yi dariya ba. Da za ta tafi ta tsaya bakin zaure ta ce mini, “Cima, wannan ba kunya ba ce. Kin sani, na sani.”

Ga abin da ba ki sani ba. Tun da safe na san za ki zo da aparai. Kallabin da ke kaina sabo ne, don ke na ɗaura shi, sau uku ina kwancewa ina sakewa. Na sa kwalli, abin da na daɗe ban yi ba, har babanku ya ce ko wani biki ake da bai sani ba. Na shirya wa hoton nan fiye da yadda na shirya wa Idi. Amma da na ga igiyar aparai a wuyanki sai na tuna wadda ta rataya miki ita, sai hannuna ya ja mayafi. Ba aikinki na raina ba. Ba hannunki na ƙi ba. Kishi ne, tsoho, tun na ranar garwashi. Na cuce ki, ki yafe mini.

Ki ɗauki darasi ko daga wannan. Za ki gamu da masu rufe fuska, da masu tsawa, da masu cewa hoton bai yi ba alhali ya yi. Sau da yawa ba da ke suke ba, wani abu suka taho da shi daga gida. Kada ki ɗauki kayansu ki ɗora a kanki. Ki ba su ɗan lokaci, ki ɗauki wasu, sannan ki dawo ki sake tambaya. Ba ina ɗora miki laifi ba ne, laifin nawa ne duka, amma wallahi ranar nan da kin dawo kin ce “Yaya, zo mana” sau ɗaya tak, da na buɗe. Har magariba ina zaune kusa da tabarmar ina jira.

Maganar Madam Zainabu kuwa, ba zan ce miki ina son ta ba, don na ce ba ƙarya. Har yanzu in na tuna atamfar nan sai kishin ya motsa. Amma mace ce da ta kira ni sau uku ina ƙin ɗauka, ba ta yi fushi ba. Da ta so, da ta bar ki ki ci gaba da ganin laifina, ta riƙe ki ita kaɗai. Ki yi mata biyayya, ki koyi duk abin da ke hannunta. In kina so ki ci gaba da ce mata Mama, ki ce. Ba zan ce yana yi mini daɗi ba.

To ga abin da nake nema. Ajinmu zai rufe kafin ruwa ya sauka kowa ya koma gona. Asabar ta sama za a ba mu takardar shaidar gama karatu, mu goma sha tara. Mata sun haɗa kuɗi a kira mai hoto, kowa a ɗauke ta da takardarta, sannan a yi na taro. Malama Indo ta ce akwai wani mutum a Mayahi da ta sani, za ta kira shi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Malama, akwai mai hoto a gidana.”

Delu ta juyo daga layin gaba, ta ce, “Ikon Allah. Wace ce? Ba mu san ta ba. Faɗi sunanta mu ji.”

Aji ya ɗauki dariya, don sun san ba zan iya ba. Na tsaya, bakina ya ƙi buɗewa, shekara ashirin da biyu bai saba ba. Sai na taka zuwa gaban aji, na karɓi alli hannun Malama Indo, na rubuta shi a allo, harafi bakwai, manya manya. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, don shi ne abin da na fi rubutawa a bayan kayena tun ranar da na san haruffansa. Sai Delu ta rangaɗa guɗa, 'yar banza, har awaki suka watse bakin rijiya.

Aiki ne nake kiran ki, kada ki ɗauke shi taimakon gida. Ki faɗi kuɗin aikinki yadda Madam ta koya miki, kina kallon fuskar Malama Indo. Delu za ta ce ita ta yi miki kitson yaye, a rage mata. Kada ki rage. Mata goma sha tara ne da suka san ki tun kina yawo ba zane, za su yi miki surutu, za su ƙi tsayawa wuri ɗaya, wata za ta riƙe takardarta a juye. In kin iya da su, babu gidan biki a Mayahi ko Tasawa da zai sake tura ki jikin bango. Ki yi mana tsawa in ta kama. Ni ma ki ce mini ɗaga kai, zan ɗaga. Ni za ki fara ɗauka, na gaya musu, kuma ba zan zo da mayafi mai rufe fuska ba.

Abu ɗaya kuma. Ina son hoto ni da ke, wuri ɗaya, wanda ba mu taɓa yi ba. Na yi ta tunanin wa zai riƙe aparai in kin zo kusa da ni, na ga nan garin babu wanda zan yarda ya taɓa miki shi. To ki zo da Madam ɗin. Zan yanka mata kaza, zan gaishe ta yadda ya kamata. Amma wannan karon ita ta tsaya bayan aparai. Na sayi atamfa turmi ɗaya, na raba biyu, rabinki yana cikin ƙullin da kawunki Ilu zai ba ki tare da takardar nan. Ki kai ɗinki da wuri.

Malama Indo ta ce za ta jira ni zuwa Laraba. In ba amsa za ta kira mutumin Mayahi, don kada rana ta ƙure. In hakan ta faru zan sha kunya gaban aji, wannan zan iya ɗauka, na jawo wa kaina. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki dawo Korgom ƙarshen wata hannu sake, in riƙa ganin ki a tsakar gida ina sanin ni na sauke miki aparai. Kawunki zai juyo daga Tasawa ranar Talata. Ki ba shi amsa a rubuce, da hannunki, haruffa manya, kada ki haɗe su irin na 'yan lakwal. Ni zan karanta, ba Delu ba.

Babanku yana gaishe ki, bai san abin da ke cikin takardar nan ba, ya ɗauka aikin aji nake yi. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida Madam. Allah ya tsare ki bisa kabu-kabu da cikin mota, ya tsare idonki da hannunki, ya sa ki tsaya gaban mutane ba tare da gabanki ya faɗi ba. Allah ya yi miki albarka, ya kawo mini ke lafiya.

Balkisa. Ga shi na rubuta miki, ke ma ki gani.

Balkisa, ɗiyata, ki amsa mini kafin Laraba.

Uwarki, wadda kike ce wa Yaya,
Cima